Wane Irin Wasa Ya Dace Da Gasar Yini Ɗaya?

Ya kai mai karatu, ga wata tambaya. A ce an tara ku da hantsi, ku takwas. An ce kafin bayan sallar lisha ku ƙago wasan kwaikwayo, ku rubuta shi, ku nuna wa jama'a a dandali. Mutanen garin da ke maƙwabtaka da ku su ma an ba su wannan aiki. Alƙalai za su zauna su zaɓi wanda ya fi kyau. To, wane irin wasa za ku ɗauka?

Kada ka raina tambayar. Wasan kwaikwayo iri-iri ne, kamar yadda hatsi yake iri-iri. Akwai mai nuna da wuri, akwai mai son doguwar damana. Manomin da ruwa ya yi wa jinkiri ba ya shuka maiwa. Haka ƙungiyar da aka ba ta yini ɗaya: in ta ɗauki wasan da ke son wata uku, kunya za ta sha a gaban iyaye da surukai. Akwai ma abin da ya fi kunya muni. Wasan da aka yi da gaggawa yana iya taɓa mutuncin wani, a tashi daga dandali da gabar da za ta shekara ba ta mutu ba. Saboda haka bari mu auna irin wasannin da muke da su, ɗaya bayan ɗaya.

Abin ba baƙo ba ne a Damagaram

A birnin Niyok na ƙasar Amurka, tun shekarar 1995 ake yin wata irin haɗuwa ta ƴan wasa. Marubuta su kwana suna rubutu. Gari na wayewa a miƙa wa ƴan wasa takardu, su yini suna gwaji. Da dare a buɗe ƙofa, jama'a su shigo su kalla. Kowane wasa gajere ne, wajen minti goma. Daga can abin ya bazu zuwa makarantu da garuruwa da yawa na duniya.

Amma mu nan ba sai mun je Amurka koyo ba. Bayan da Seyni Kunce ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, gwamnatinsa ta raya samariya a kowane gari da kowace unguwa. Daga 1976 aka shiga yin babban bikin matasa na ƙasa, yana zagaya manyan biranen jihohi. A cikin bikin akwai gasar wasan kwaikwayo, wanda mutanenmu suke kira teyatur. Ana fara tankaɗe tun daga ƙananan hukumomi, waɗanda suka ci su wakilci jaharsu. A zamanin nan ƙungiyar gidan rediyon Zinder ta yi suna ƙwarai, kuma a cikinta ne jama'ar Nijar suka san Yazi Dogo, wanda malamin makaranta ne.

Wata Ba'amurkiya mai suna Janet Beik ta zauna da waɗannan ƙungiyoyi, ta ga yadda suke aiki, ta rubuta littafi a kansu a 1987. Abin da ta nuna shi ne, ba su rubuta wasa kalma bayan kalma. Suna zama tare su shirya ƙashin labari, su raba wa kowa matsayinsa, sa'an nan kowa ya kawo magana daga bakinsa a wurin gwaji. Wasan na ƙungiya ne gaba ɗaya. Ka ga ke nan hanyar da gasar yini ɗaya take bukata, iyayenmu sun riga sun share ta. Bambancin kawai, su suna da makonni na gwaji, ku kuwa daga hantsi zuwa lisha.

Abin awo

Mai sayen hatsi yana zuwa kasuwa da tiyarsa. Mu ma ga tamu tiyar, tambayoyi huɗu ne.

Na ɗaya, ana iya yin wasan a wuri guda, ba tare da sauya kaya da yawa ba? Na biyu, masu kallo za su gane mutanen cikin wasan da sun shigo, ko sai an yi dogon bayani? Na uku, labarin yana ɗauke da ƙarshensa, ko sai an nemo masa? Na huɗu, idan aka yi kuskure, wa zai ji ciwo?

Wasan tarihi

Shi ne wanda zuciya ta fi so. Wane Badamagare ne ba ya son ya ga Sarki Tanimun a dandali, shi da ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera masa igwa, ya yi mulki har 1884? Wa ba ya son ya ga labarin Amadu Kuran Daga, yadda aka kashe Bafaranshen nan Kazmaju a Zinder a 1898, da yaƙin Tirmini na 1899? Labarai ne masu tada tsikar jiki.

Duk da haka ina ba ka shawara ka bar shi sai wata rana. Dubi Andre Salifu, ɗan Zinder, wanda jami'ar garin take ɗauke da sunansa. Ya rubuta wasa da Faransanci a kan Tanimun, an buga shi a 1973. Amma shi masanin tarihi ne. Ya yi shekaru yana bin tsofaffi da takardu, har ya fitar da littafin tarihin Damagaram a 1971. Abin da ya ci wa masani shekaru, ba za ku gama shi tsakanin hantsi da la'asar ba.

Sa shi a tiya ka gani. Wasan tarihi yana son fada, da fagen yaƙi, da hanyar fatake: wuri uku ke nan ko fiye. Yana son manyan riguna, da rawuna, da dogarai, da makaɗa. Mutum takwas ba su isa runduna ba. Babban abin tsoro kuma shi ne tambaya ta huɗu. Mutanen nan na tarihi suna da jikoki, suna nan da ransu a Birni da Zango da Mirya. Idan cikin gaggawa kuka sa wa kakan wani maganar cin amana wadda bai faɗa ba, kun yi masa ƙarya a gaban jama'a, kuma yaran da suka kalla za su ɗauka gaskiya ce. Tarihi sai da natsuwa da tambayar masana.

Wasan ban tausayi

Shi ne wanda ake ƙarewa da hawaye: mutuwa, ko rabuwa, ko tsiya bayan wadata. In an iya shi, babu wanda ya kai shi zama a zuciya. Littafin Uwar Gulma na Mohammed Sada, wanda aka buga a Nijeriya a 1968, yana nuna wahalar da Halima ta sha a hannun mijinta Hayatu. Mai karatu yana jin tausayinta don ya daɗe tare da ita. Ya ga haƙurinta, ya ga yadda abin yake ƙaruwa kaɗan-kaɗan.

A nan matsalar take. Tausayi ba ya tsirowa nan take. Sai ka san mutum kafin mutuwarsa ta dame ka. A wasan minti goma sha biyar, in yarinya ta shigo yanzu, an yi mata auren dole yanzu, ta faɗi ta mutu yanzu, me kake tsammani? Yara za su fashe da dariya, domin sun san wadda ta faɗi ɗin, ɗazu suka gan ta tana daka. Ƴan wasan da ba su saba ba kuma sukan cika kururuwa da birgima, su mai da makoki abin dariya. Auren dole da mutuwar mata wurin haihuwa ba abin da za a yi wa riƙon sakainar kashi ba ne. Wannan iri ya faɗi a tambaya ta biyu.

Wasan faɗakarwa

Wannan shi ne wanda ƙungiyoyi suka fi gudu zuwa gare shi in lokaci ya ƙure. Tsohon iri ne. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ya fito a 1949, a kan tsabta da lafiya yake. Wasanni da yawa na zamanin samariya ma haka suke: a bar almubazzaranci wurin biki, a sa yara lakwal, a shuka itatuwa, a daina tsere wa gari. Yau kuma ƙungiyoyin agaji suna ɗaukar ƴan wasa su zagaya ƙauyuka da maganar rigakafi ko gidan sauro.

Ba na cewa saƙon ba shi da amfani. Abin da nake zargi shi ne yadda aka saba gina shi. Ka san shi tun kafin a fara. Ga baƙauye mai taurin kai. Ga likita ko malamin gona ya ba shi shawara, ya ƙi. Masifa ta same shi. Ya dawo yana nadama. Daga nan ma'aikaci ya juyo ya fuskanci jama'a, ya yi jawabi mai tsawo. Mata su fara tattara tabarmi.

Laifi biyu ke cikin wannan gini. Na farko, babu abin jira, domin kowa ya san ƙarshe. Na biyu, kullum mutumin karkara ne wawa, mai takarda ne mai hankali. Alhali kai ka san ba haka rayuwa take ba. Matar da ba ta kai ɗanta asibiti ba, wataƙila tafiyar rabin yini ce a amalanke, kuma babu kuɗin magani. In wasa bai nuna wannan ba, bai faɗi gaskiya ba, kuma wadda aka yi dominta za ta tashi ba ta ƙaru da kome ba.

Akwai masu gyara wannan. A Burkina Faso, Prosper Kompaore ya kafa ƙungiyar wasa a 1978. Sun yi amfani da wata dabara da ta samo asali daga Augusto Boal, mutumin Barazil. Ana yin wasa har inda abu ya lalace, sai a tsaya. A ce da masu kallo, wanda yake ganin zai iya gyarawa ya shigo ya karɓi matsayin. Dabara ce mai kyau, amma tana son jagora gwani wanda ya iya riƙe taro. In ba ku da shi, kada ku gwada ta ranar gasa.

Hukuncina a kan wasan faɗakarwa: yana da sauƙin shiryawa, yana da wuyar yin kyau. Ku ɗauki damuwar da ke cikinsa, ku bar jawabin.

Wasan kara

Wannan namu ne, Damagaram ta yi suna da shi. Samari su sassaƙa kara, su yi bindigogi, da tabarau, da na'urar ɗaukar hoto, da abin magana. Wani ya zama shugaban ƙasa, wani gwamna, wani sarki, wasu sojoji da ƴan jarida. A kwaikwayi saukar babban baƙo tun daga tarba har jawabi. Inusa Usaini, mai shirya silima ɗan Zinder, ya ɗauki wannan wasa a fim a 1980.

Wasan kara ya ci tambaya ta biyu da kyau. Mutum na shigowa, kafin ya buɗe baki, an san ko wane ne. Tafiyarsa ta faɗa, da yadda yake ɗaga hannu, da abu guda da ya riƙe. Kayan aikinsa kuma kyauta ne, bayan kaka kara ko'ina.

Inda ya gaza shi ne tambaya ta uku. Wasan kara jerin gwano ne. Ana kallonsa don gwanintar kwaikwayo, babu rigimar da ake jiran a ga yadda za ta ƙare. Yana kuma son taro mai yawa da kwanaki na sassaƙa. Sa'an nan ka lura da wani abu. A wasan kara al'ada ce ta ba da izini, manya sun san da shi, har sukan zo su kalli masu kwaikwayonsu su yi dariya. A gasar ƙauye babu wannan izini. In ka kwaikwayi maigarinku da muryarsa da tarinsa, ba ka san yadda zai ɗauka ba.

Don haka ku ari idon ƴan wasan kara. Sanda ɗaya ta isa ta nuna tsoho. Tabarau na kara da jaka sun isa su nuna ma'aikaci. Amma ku kwaikwayi matsayi, kada ku kwaikwayi wani mutum da kowa ya sani.

Wasan ban dariya

Yanzu mun zo gonar da ke nuna da wuri. Tuna tashe. Daga goma ga watan azumi yara suke fita da dare gida-gida. Wasu su yi Jatau Mai Magani, wasu su yi Tsoho Da Gemu. Wa ya ba su wata guda na gwaji? Gemun auduga, da tsumma, da gwangwani, shi ke nan wasa ya tashi. Yana yiwuwa ne don kowa ya riga ya san mutanen: boka mai cika baki, tsoho mai kwaɗayi, gwauro, marowaci, dillaliya mai kai gulma, ɗan ci-rani da ya dawo yana yi wa uwarsa Faransanci. Tatsuniya ma ta ba mu Gizo. Sa masa riga da salula, ka ajiye shi a tashar mota, kowa zai gane shi.

Ba mu kaɗai muka gano wannan ba. A ƙasar Italiya, shekaru fiye da 400 da suka wuce, akwai ƙungiyoyin ƴan wasa masu yawo gari-gari. Suna da tsohon attajiri marowaci, da malami mai surutun banza, da bara mai wayo wanda kullum yunwa ke damunsa. Takarda guda suke ratayewa a bayan dandali, an rubuta wa zai shiga, me zai faru, wa zai fita. Sauran magana daga ka. Kusan yadda ƙungiyoyin Zinder suka yi aiki ke nan.

Wasan ban dariya yana yafe kuskure. In wani ya manta maganarsa, abokinsa ya tsokane shi, jama'a su ɗauka cikin shiri ne. Amma yana da ramuka biyu. Na farko, yakan rasa ƙarshe. Ana ta shashanci har alƙalai su buga ƙarfe, ko kuwa a ƙare da duka da guje-guje don an rasa abin yi. Na biyu, dariyar arha. In lokaci ya ƙure, abin da ya fi sauƙi shi ne a kwaikwayi gurgu, ko mai in'ina, ko Hausar Bafillace da ta Buzu. Jama'a za su yi dariya, gaskiya ne. Amma a cikin taron akwai gurgun, akwai Bafillatanar da ta kawo nono da safe.

Wani zai ce ai wasa ne tsakaninmu. Haka ne, muna da wasan dangi, irin na Barebari da Fulani, ko na taubasai. Har hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Amma wasan dangi yana da doka: ka jefa, a jefo maka. In a dandali gefe ɗaya ne kawai ke shan jifa, kuma ba shi da bakin ramawa, sunan abin cin fuska.

Wasan shari'a

Ga wanda na fi ba ku shawara. Mutum biyu sun yi rigima, an kawo su gaban maigari ko alƙali. Sa shi a tiya.

Wuri guda ne: tabarma, da kujera, da gindin itace. Mutanen sanannu ne: mai ƙara, wanda ake ƙara, shaidu, maigari, liman, da ɗan aike. Kowa a cikinku ya taɓa zama a irin wannan wuri, ya san yadda ake gaisuwa, da yadda ake rantsuwa, da yadda shaida yake kwana-kwana. Ƙarshe kuma yana cikin labarin tun daga farko, domin dole a yanke hukunci ko a yi sulhu, kuma masu kallo za su zauna har sai sun ji. Wani alherin, shari'a tana raba aiki daidai. Kowane shaida yana da nasa lokaci, ya shigo, ya yi minti biyu, ya fita. Mai kunya a ba shi gajeren matsayi, mai baki a ba shi dogo. Dariya kuma tana da wurin zama a bakin shaidu, ba tare da ta cinye labarin ba.

Sharaɗi ɗaya ne. Kada rigimar ta zama tsakanin mai gaskiya da ɓarawo. In haka ne an gama tun ba a fara ba. A nemi rigimar da kowane gefe yake da abin faɗa. Ga misali, na ƙaga shi don wannan bayani.

Wa da ƙane sun gaji gona. Wan ya tafi ci-rani Kano, ya shekara huɗu babu aike. Aka yi fari. Ƙanen ya jinginar da gonar ga wani ɗan kasuwa a kan buhu uku na hatsi, ya ciyar da gida, har da matar wan da ƴaƴansa. Ba a rubuta kome ba. Wan ya dawo da kuɗi, yana son gonar. Ɗan kasuwa ya ce shi saye ya yi, kuma ya zuba taki shekara biyu. Shaidan da aka yi abin a gabansa tsoho ne, kuma ɗan kasuwan yana binsa bashi.

Dubi yadda kowa yake da hujja. Wan yana da gado. Ƙanen ya ceci rayuka. Ɗan kasuwa ya ba da hatsi lokacin da babu mai bayarwa. Tsohon yana tsakanin tsoron Allah da tsoron mai binsa. Matar wan kuwa, wa za ta goya wa baya, mijinta ko wanda ya ciyar da ita? Masu kallo za su rabu biyu tun wasa bai kai rabi ba. Ba sai wani ya juyo ya yi jawabi a kan amfanin rubuta jingina ba. Duk wanda ya kalla zai tuna da kansa cewa tun dokar karkara ta 1993 an tanadi kwamitocin ƙasa, inda ake iya rubuta saye ko jingina a ba mutum takarda. Faɗakarwa ta shiga ba a kira sunanta ba.

Shi ma wannan iri yana da nasa haɗari. Kada ku ɗauko shari'ar da aka yi a garinku bara, ko da kun sauya sunaye. Kowa zai gane, kuma za ku tada miki. Na biyu, zama yakan yi yawa. In kowa ya zauna yana magana minti goma sha biyar, rediyo ke nan. A sa motsi: shaida ya yi yunƙurin sulalewa, a kawo buhun a auna, wata ta kutso ba a kira ta ba.

Me za a rubuta?

Kai da ka fara riƙe alƙalami bana ko bara, kada kalmar rubuta wasa ta ba ka tsoro. Ba littafi ake nema ba. Shafi ɗaya ya isa, in ya yi yawa biyu. Ga abin da za a sa a ciki.

Sunan wasa. Sunayen mutanen ciki, da abin da kowannensu yake so, a layi ɗaya ɗaya. Misali: ƙane, yana son wansa ya gode masa. Sa'an nan jerin shiga da fita, da lamba: 1, maigari ya zauna, an kawo ƙara. 2, wa ya yi bayani. Haka har ƙarshe. Magana biyu kawai za a rubuta cikakku, a haddace su: ta buɗe wasa da ta rufe shi. In an san inda za a tashi da inda za a sauka, tsakiya ba ta ɓata.

Ga yadda za a raba yinin. Daga hantsi zuwa azahar, a zaɓi rigima, a raba matsayi, a rubuta shafin. Kada gardamar zaɓe ta wuce awa ɗaya. In an kasa daidaitawa, a ɗaga hannu, mafi yawa su ci. Bayan azahar a yi gwaji na farko, ba tsayawa, ko an yi kuskure. Bayan la'asar a yi na biyu, mutum ɗaya ya riƙe agogo, ya zauna nesa, ya faɗi wanda ba a jin muryarsa. Duk abin da bai taimaki rigimar ba a yanke shi, ko da ya ba da dariya. Kafin magariba a tsaya, a ci abinci, a huta.

Kada mai rubutu ya zama sarki. Wanda ya fi iya alƙalami ba lalle ne ya fi iya labari ba. Sau da yawa tsohuwar da ba ta gama koyon baƙaƙe ba ita ce ta san abin da matar wan za ta faɗa. A saurare ta, a rubuta. In ƙungiyar maza ce zalla, a nemi shawarar mata kafin a sa musu magana a baki.

Ga alƙalan gasa

Ku ma kuna da naku nauyi, domin abin da kuka ba lada shi za a yi ta kawo muku. In kuka ba wanda ya fi yawan jawabi, baɗi kowa jawabi zai kawo. In kuka ba wanda ya fi sa dariya ko ta halin ƙaƙa, baɗi za a zagi guragu. Ku duba ko an ji kowane gefe. Ku duba ko kowa a ƙungiyar ya samu abin yi. Ku duba ko jama'a sun tashi suna gardama a kan hukuncin.

To, mai karatu, ga inda awonmu ya tsaya. Wasan tarihi da na ban tausayi a ajiye su sai an samu watanni. Wasan kara a ari idonsa. Wasan faɗakarwa a ɗauki damuwarsa. A zuba su cikin wasan shari'a, a sa dariya daidai gishiri. Wannan ra'ayina ne, kuma ra'ayi riga ce. Ku karanta shi tare a wurin karatu, ku yi gardama a kansa. In kaka ta yi, ku gwada, sa'an nan ku rubuto wa wannan jarida da hannunku, ku faɗi rigimar da kuka zaɓa da yadda maigarin wasanku ya yanke ta. Allah ya ba mai rabo sa'a.